Mako 12 a hannun masu horar da 'yan gasar ninkaya da keke da gudu a Jidda

Shekarata 43, kuma shekara 16 ke nan ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfanin fiton kaya da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Aiki ne na zama, tun safe har la'asar mutum yana fuskantar kwamfuta, idan ya tashi kuma mota ce take jiransa a ƙofa. Ranar da likita ya duba sakamakon gwajin jinina, ya ce sukari ya fara hawa, bai kai matsayin da za a ɗora ni a kan magani ba tukuna, amma ya kama hanya. Ya ce ko dai in tashi tsaye in motsa jiki in rage nauyi, ko kuwa bayan shekara ɗaya mu zauna a kan maganar ƙwayoyi. Wani abokin aikina ɗan Masar ne ya nuna mini wata ƙungiyar horarwa a arewacin birni, wadda take shirya sababbin shiga domin gasar da ake kira tirayatilon, wato ninkaya da tseren keke da gudu a jere, agogo yana tafiya daga farko har ƙarshe ba tare da an tsayar da shi ba. Na biya kuɗin shirin, na bi shi har makonsa na ƙarshe, na shiga gasar kuma na kammala. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, domin ina da ƙorafi a kan wasu al'amuranta waɗanda na riga na faɗa musu baki da baki. Irinta kuwa sun fara yawa a manyan biranen ƙasar nan, saboda haka abin da zan bayyana zai amfani duk wanda yake shirin miƙa kuɗinsa ga ɗaya daga cikinsu.

Abin da suke sayarwa shi ne horo na mako 12, zama 5 a kowane mako: ninkaya ranar Lahadi da Talata bayan sallar isha'i, gudu ranar Laraba, keke ranar Juma'a bayan sallar asuba, sannan ranar Asabar a haɗa keke da gudu. Na biya riyal 1,800 har da harajin nan na kashi 15 cikin 100. Gasar da ake shirya mu dominta ita ce gajeriya, wadda ta ƙunshi ninkayar mita 750, da keke na kilomita 20, da gudun kilomita 5, rabin abin da ake yi ke nan a wasannin Olamfik, inda wannan gasa ta fara shiga a birnin Sidni a shekarar 2000. Ina jaddada waɗannan alƙaluma ne saboda da yawa daga cikin 'yan'uwa da na ba labari sun ɗauka ina nufin Ironman, mai ninkayar kilomita 3.8 da keke na kilomita 180 da gudun kilomita 42.2, har wani dattijo a unguwarmu ya kira ni gefe ya yi mini nasiha a kan hakkin da iyalina suke da shi a kaina. Gajeriyar gasa abu ce da magidanci mai aiki da iyali zai iya shirya mata, matuƙar yana da lafiya kuma ya samu wanda zai koya masa yadda ya kamata.

Abu na farko da ya kwantar mini da hankali shi ne sun ƙi karɓar kuɗina sai na kawo takardar likita da gwajin zuciya, domin ƙa'idarsu ke nan ga duk wanda ya haura shekara 40. Wannan ya jinkirta ni da kwana 4, amma na ga alamar mutane ne da suka san nauyin abin da suka ɗauka. Bayan nan aka sa mana ranar gwaji a masbah, kamar yadda ake kiran wurin ninkaya a nan, mai tsawon mita 25. Aka ce kowa ya shiga ya yi iyakar abin da zai iya. Ni ban kai rabin tsawon ba na miƙe tsaye ina tari.

Dalilin hakan ba sabon labari ba ne ga duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano a zamaninmu. Ruwan da muka sani shi ne kududdufi, kuma kusan kowace damina sai an ji ya ci ɗan wani. Iyayenmu sun hana mu kusantarsa da tsananin gaske, kuma sun yi daidai, sai dai hanin ya bar mu da tsoron da ya girma tare da mu. Na yi shekara 16 a bakin Bahar Maliya, ina kai yara Korniche, wato wurin shaƙatawa na bakin teku, su kalli maɓuɓɓugar Sarki Fahad tana feshi sama, amma ruwan teku bai taɓa wuce gwiwata ba. Na san Hausawa da yawa a Jidda da Makka waɗanda labarinsu ke nan, kuma dominsu ne zan daɗe a kan sashen ninkaya fiye da sauran, domin a nan ne ƙungiyar ta halatta kuɗin da ta karɓa.

Malamin ninkayar, wanda kowa yake kira Kaftin kamar yadda aka saba kiran masu horarwa a ƙasar nan, ya ga sunana a takarda ya dube ni ya ce da Hausa, “Alhaji, daga wane gari?” Ashe ɗan Maiwurno ne ta ƙasar Sudan, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru da mabiyansu suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma a cikin wannan kogi ya koyi iyo tun yana yaro. Ban ambaci wannan don ɗan'uwantaka kawai ba. Babban mutum da yake jin tsoron ruwa yana bukatar ya faɗi abin da yake ji a ƙirjinsa dalla-dalla, kuma ni Larabcina na ofis da kasuwa ne, bai kai nan ba. Da ya kalle ni na minti biyu a cikin ruwa, sai ya ce, “Alhaji, hannunka lafiya lau, ƙafarka ma haka. Numfashi kake riƙewa. Wanda ya riƙe numfashi a cikin ruwa, kafin ya kai bango ƙirjinsa ya cika, sai ya ɗauka ruwa ne yake shaƙe shi, alhali iskar da ya hana fita ce.”

Mako biyu cur bai bar mu, mu 5 da ba mu iya komai ba, mun yi wani abu da za a kira iyo ba. Muna tsaye a inda ruwa ya kai ƙirji, mu riƙe bakin masbah, mu tsoma fuska mu fitar da iska ta hanci a hankali har mu ji kumfa tana bin kumatunmu, mu ɗago mu shaƙa ta baki, mu koma. Sau 10, a huta, a sake. Daga nan ya koya mana kwanciya a kan ruwa, da farko rigingine yana tallafe da ƙeyar mutum da tafin hannunsa, yana janye yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya faɗa ba, har sai mutum ya ankara cewa ya jima ba kowa ke riƙe da shi ba. Wani daga cikinmu ya ƙosa, ya ce shi fa ya biya kuɗi ne don ya yi iyo. Kaftin bai yi musu da shi ba, ya ce ya je ya yi tsawo ɗaya ya dawo, mutumin ya tafi da ƙarfi yana dukan ruwa kansa a sama, ya tsaya a mita 15. Sai Kaftin ya nuna mana abin da ya faru: duk sa'ad da kai ya ɗago, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, jiki ya zama kamar ƙofa a tsaye a gaban ruwa, mutum ya riƙa ture ruwan da ƙirjinsa maimakon ya ratsa shi. Maganin shi ne a bar kai a kwance, ido yana kallon ƙasa, idan za a shaƙi iska a mirgina jiki gaba ɗaya zuwa gefe har baki ya fito, gilashin ido ɗaya na tabarau yana cikin ruwa. Bayani ne da yake cikin kowane darasi na intanet, na kuma kalli da yawa, amma babu bidiyon da zai ɗora maka yatsa a tsakiyar kai ya ce a nan kake ɗagowa.

A mako na 4 na ratsa mita 25 ba tare da tsayawa ba. A na 6 na haɗa mita 200. A na 9 na yi mita 750, wato tsawo 30, a hankali ƙwarai amma ban taɓa ƙasa ba. Abin da na yaba a tsarinsa shi ne bai taɓa haɗa mu layi ɗaya da waɗanda suka riga suka iya ba, kuma yana riƙe da ɗan littafi inda yake rubuta abu ɗaya tak da kowane ɗalibi zai gyara a zama na gaba. Bai taɓa ba ni gyara biyu a dare ɗaya ba.

Daga mako na 7 aka mayar da zaman Asabar ɗaya cikin biyu zuwa teku, a Obhur da ke arewacin Jidda. Duk wanda yake zaɓen ƙungiya ya tambaya sau nawa za a kai shi teku kafin gasa, domin masbah da teku ba abu ɗaya ba ne. Ta wani fannin tekun ya fi sauƙi: gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna bai wuce 35 ba, saboda haka yana ɗaga jiki sama fiye da ruwan daɗi. Ruwan kuma da ɗumi yake ko a cikin hunturu, don haka ba a bukatar baƙar rigar robar nan mai tsada da ake gani a jikin 'yan gasa a Turai; hasali ma dokar hukumar gasar ta duniya ta hana sa ta a gajeriyar ninkaya idan zafin ruwa ya kai digiri 22, kuma ruwan Jidda ya fi haka. Amma ta sauran fannoni tekun jarrabawa ce. Babu baƙin layin da ake bi a ƙasan masbah, babu bango bayan mita 25, kurɓi ɗaya na ruwan yana ƙona maƙogwaro, a bakin gaɓa kuma akwai duwatsun murjani masu kaifi da wata halitta mai ƙaya da take zama a tsakaninsu. Dole mutum ya koyi ɗago ido kaɗan bayan kowane 'yan bugu, ya hango babbar alamar roba da ke yawo a kan ruwa, ya gyara hanya, in ba haka ba zai yi mita 900 a maimakon 750.

A fita ta biyu ne abin da nake tsoro ya same ni. Mun yi nisan kamar mita 150 daga gaɓa, wani jirgin shaƙatawa ya wuce daga nesa, igiyar ruwansa ta iso daidai lokacin da na buɗe baki. Na shaƙe, na duba ƙasa na ga shuɗi kawai ba iyaka, sai ƙirjina ya ɗaure, hannuwana suka manta duk abin da aka koya musu. Kowannenmu yana jan wata jakar iska ruwan lemo da aka ɗaura masa a ƙugu, kuma na tuna na rungume ta. Kafin in ƙirga goma Kaftin ya iso a ƙaramin kwalekwalensa. Bai miƙo hannu ya ciro ni ba. Ya tsayar da kwalekwalen dab da ni, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Alhaji, kwanta rigingine. Dubi sama. Fitar da iskar duka, kada ka yi gaggawar shaƙa, za ta shigo da kanta.” Na yi hakan kamar sau 8. Sannan ya ce, “To, me ka zaɓa, gaɓa ko alama? Duk wanda ka zaɓa ina tare da kai.” Na zaɓi alama. Daga baya ya gaya mini cewa da ya ɗauke ni a ranar, da abin da jikina zai riƙe shi ne cewa teku wuri ne da ake ceto mutum daga cikinsa. Ya kuma sanar da mu abin da mutane da yawa ba su sani ba, cewa a dokar gasa an yarda ɗan wasa ya yi kowane irin salon iyo, an yarda ya riƙe alama ko jirgin da yake tsaye ya huta muddin bai yi amfani da shi ya ci gaba ba, idan kuma yana neman taimako ya ɗaga hannu ɗaya sama. Sanin wannan kaɗai ya rage rabin fargabar da nake kwana da ita.

Sashen keke ne ban ji daɗinsa ba, kuma zan faɗi dalili a fili. Tun a makon farko aka tura mu wani shago da suke da hulɗa da shi, aka ce za a yi mana rangwame, amma keken da ya fi araha a cikin waɗanda aka nuna mini ya ninka kuɗin horon gaba ɗaya fiye da sau biyu, kuma mai shagon ya yi ta nuna mini cewa ba a shiga gasa da abin da ya gaza haka. Wannan ba gaskiya ba ne. Kilomita 20 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, duk keken da yake da birki mai kyau da giya mai shiga zai yi ta, kuma ranar gasar na ga masu keken hawan dutse da masu keken zuwa kasuwa sun kammala lafiya. Ni dai na nemi na hannu a Haraj, dandalin saye da sayarwa na intanet, na samu keken tsere na alminiyam mai giyar Shimano a kan riyal 1,300, na kai wa wani mai gyara ya canja sarƙa da robar birki da tayoyi. Ba na zargin ƙungiyar da yin hulɗa da shago, sana'a ce. Abin da nake zarginsu da shi shi ne barin sabon shiga, wanda bai san komai ba, a hannun mai sayarwa ba tare da sun faɗa masa mafi ƙarancin abin da yake bukata ba.

Mai kula da keken matashi ne mai ƙarfi, gwani a kan sirdi, amma gwaninta daban, koyarwa daban. Yakan tsaya a gaba ya ja tawagar da saurin da ya dace da na gaba-gaba, mu na baya kuwa mu yi ta kanmu. Mako 3 na yi ina fama da ciwon gwiwa kafin wani dattijo Bafilipine daga cikin ɗalibai ya lura cewa sirdina ya yi ƙasa, ya sa na ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ya ɗaga sirdin har ƙafata ta miƙe, ciwon kuwa ya tafi cikin kwanaki. Gyara ne na minti 5 da ya kamata a yi wa kowa a ranar farko. Ba a koya mana sauya giya kafin a shiga kwana ba, ba a koya mana shan ruwa daga gora ana cikin tafiya ba, kuma ba a koya mana cire taya da sauya tiyub ba. Wata Juma'a a mako na 8 tayata ta baya ta yi faci a kan hanyar da muke bi can arewa, tawaga ta wuce, motar rakiyar da aka rubuta a takardar shirin kuwa ba ta fito ba a ranar, ba a kuma sanar da mu ba. Na yi kusan minti 50 a gefen titi, motoci suna wucewa da gudu, rana tana ɗagowa, har sai da ƙanina ya zo ya ɗauke ni, da kyar na samu sallar Juma'a a kan lokaci. Sun ba ni haƙuri, kuma motar ba ta sake fashi ba. Duk da haka ina ganin abin da aka rubuta a takarda aka karɓi kuɗi a kansa, musamman wanda ya shafi tsaron rai a kan titi, bai kamata sai an yi ƙorafi kafin a cika shi ba.

Gudu ba shi da wani dogon labari. Ana yin sa a titin masu tafiya a ƙafa na sabuwar Korniche wadda aka buɗe a 2017, an fara mu da gudun minti 2 da tafiyar minti 1, ana ƙarawa sannu a hankali, kuma ƙa'idar ita ce idan ba ka iya magana da na kusa da kai to ka rage sauri. Tsari ne mai kyau, ban ji rauni ko sau ɗaya ba. Zaman da ya fi amfani shi ne na Asabar, inda ake sauka daga keke a shiga gudu nan take. Karon farko cinyoyina sun yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun yashi, domin tsokar da ta saba juya feda ba ta sakin jiki nan da nan. Bayan minti 6 zuwa 8 nauyin yakan sauka, kuma wanda ya ɗanɗana hakan sau da yawa kafin gasa ba zai firgita ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙare ba.

Akwai abu biyu da suka shafi zamanmu a nan waɗanda nake so a kula da su. Na farko shi ne laimar Jidda. Shirinmu ya faɗo daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da gari ya fi sauƙi, amma ko a haka akwai safiyar da iska take cika da danshi har gumi ya ƙi bushewa a jiki, kuma gumin da bai bushe ba ba ya sanyaya mutum. Ƙungiyar ba ta ce komai a kan wannan ba sai “ku sha ruwa”. Likitana ne ya ce in auna nauyina kafin fita da bayan dawowa, domin kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita, ya kuma ce in riƙa sa ɗan gishiri a gora ɗaya. Game da abinci, an yi ta tallata mana ƙananan ledojin zaƙi da 'yan tsere suke tsotsa, alhali ni da nake gudun sukari dabino 3 kafin fita sun wadatar da ni a wannan ɗan nisa. Na biyu shi ne sutura. Rigar gasar da aka saba da ita matsattsiya ce kuma tana tsayawa sama da gwiwa, ni kuwa ba zan fita a haka ba. Na tambaya da ɗan nauyin baki, amma amsar ta zo da sauƙi: dogon wando mai kama jiki har ƙasan gwiwa, a ɗora gajeren wando sakakke mara nauyi a kai bayan an fito daga ruwa, da riga mai hannu. Daƙiƙa 15 ya ƙara mini. A nan sun kyauta, kuma lokutan horon gaba ɗaya an tsara su ne a kan lokutan salla, ba a taɓa sa mu zaɓi tsakanin jam'i da horo ba. Sai dai sanarwarsu ta WhatsApp tana da rauni, sau 3 ana sauya wurin haɗuwa bayan ƙarfe 11 na dare, lokacin da mai niyyar tashi da asuba ya riga ya kwanta.

Mako biyu na ƙarshe an ba da su ga filin sauyi, wato shingen da ake ajiye kekuna inda ɗan wasa yake komawa daga ruwa zuwa keke, daga keke kuma zuwa gudu. Wannan darasi ya kusa kamo na ninkaya a wajen amfani. Sun kafa ƙarfen rataye kekuna a wani filin ajiye motoci, kowa ya shimfiɗa ɗan tawul a gefen tayarsa, takalmi a buɗe da hoda a ciki, hular kwano a kife a kan kan keke maɗaurinta a warware, lambar gasa a jikin ɗamara. Aka sa muka maimaita sau 10: ka iso da gudu, ka cire tabarau da hular ruwa, ka sa takalmi, ka sa hular kwano ka ɗaure ta, sannan ka taɓa keke. Wanda ya sauke keke kafin ya ɗaure hula, ko ya kwance ta kafin ya mayar da keken kan ƙarfe, ya karya doka. Ba a hawa sai an tura keken an wuce layin da aka shata, haka kuma ana sauka kafin layin idan an dawo. Lamba tana baya a kan keke, a juyo da ita gaba a lokacin gudu. An hana sa abin jin sauti a kunne. Sun kuma ba mu shawarar mu ƙirga layin da kekenmu yake daga ƙofar shigowa, domin mutum yakan fito daga teku kansa yana juyawa, ya tarar da kekuna masu yawa duk sun zama iri ɗaya.

Ranar gasar na tsaya a can baya ta gefe kamar yadda Kaftin ya umarta, na bar masu sauri suka shiga, na ƙirga 10 sannan na bi. An taɓa ƙafata, an buge ni a kafaɗa a wajen zagaya alama ta farko, na kwanta rigingine na numfasa sau 4 na ci gaba. Na fito daga ruwa bayan minti 24, na tarar da kekena a layi na 3 inda na bar shi, na kammala gaba ɗaya cikin awa 1 da minti 58. Kaftin yana tsaye a bakin gaɓa lokacin da na fito, abin da ya ce kawai shi ne, “Barka, Alhaji. Hula kafin keke.”

Wanda zai shiga ya sani cewa riyal 1,800 ɗin ba su ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Rajistar gasar daban take, shiga bakin ruwa a Obhur ma daban, domin galibin wuraren na 'yan kasuwa ne kuma ana biya a ƙofa, kuma ba a faɗa mana wannan ba sai a mako na 6. Idan aka haɗa da keke da gyaransa, da hular kwano, da tabarau, da takalmin gudu, abin da ya fita daga aljihuna ya haura riyal 4,000. Ga wanda bai iya iyo ba, ko ya iya na masbah amma bai taɓa shiga teku ba, ina ba da shawarar shirin ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya je ya kalli darasin ninkaya ɗaya da idonsa kafin ya biya, ya ga ɗalibai nawa ne a layi, ya ga ko malamin yana kallonsu ko wayarsa yake kallo. Wanda ya riga ya iya iyo a teku, ya nemi su sayar masa da zaman Asabar da darasin filin sauyi kaɗai, keke da gudu kuwa zai samu tawagogin da ake fita tare kyauta. Ya kuma nemi a rubuta masa maganar motar rakiya da duk kuɗin da ba ya cikin shirin tun kafin ya sa hannu.

Na koma wurin likita wata ɗaya bayan gasar, nauyina ya ragu da kilo 7, kuma ya ce a ajiye maganar ƙwayoyi a sake gwaji bayan wata 6. Ban sabunta cikakken shirin ba. Na biya kuɗin ninkaya kaɗai na ranar Talata, na kuma rubuta sunan ɗana mai shekara 11 a ajin yara na Kaftin, wanda zai fara bayan an gama jarrabawar makaranta.